Tsuntsu Mai Jan Wuya

Litinin, da hantsi

An buɗe hanyar dutse! Mutanen hukuma sun zo da safe sun cire allon da suka kafa a bakin hanya, suka sha shayi a tsakar gida, suka tafi. Motarsu ba ta gama fita ba Goggo ta ƙwala min kira daga teburin karɓar baƙi. Ina ɗaki na huɗu ina canja zanin gado, na fito da matashin kai a hannu.

Ta ce, "Kunkuru, ajiye wannan. Akwai baƙi ranar Asabar, suna son ganin magangarar ruwa. Kai za ka hau da su."

Na waiga in ga ko da wani take.

Ta ce, "Da kai nake. Akwai wani kunkurun a gidan nan ban da kai?"

Ni! A gaba! Tun da Goggo ta buɗe masaukin nan Yaya ne jagora, ni kuwa ina can ƙarshen layi da jakar ruwa a baya, ina tsince hular da ta faɗi, ina jiran yaron da ya tsaya ɗaure takalmi. Daga nan Kunkuru ya samo asali. Yaya ne ya laƙaba min, har baƙi suka ɗauka da shi aka haife ni.

Yaya yana ɗakinsa a bayan kicin. An kwance masa ɗaurin ƙafa tun makon jiya. Ba zan rubuta maganar ranar nan ba.

Litinin, da yamma

Na je karɓar usur. Jagora ba ya hawa ba shi, da shi ake tara mutane in sun warwatsu a bakin ruwa. Na yi sallama, Anti matar Yaya ta amsa, tana ninke kayan 'yarsu. Shi yana kwance, ya ba ƙofa baya.

Na ce, "Yaya, an buɗe hanya."

Ya ƙara jan bargo, bai juyo ba.

"Goggo ta ce in riƙe maka kafin ka miƙe."

Ya ce da bango, ba da ni ba, "Yana jikin ƙusa."

Na ɗauka. Har yanzu akwai busasshiyar laka a jikin igiyar. Anti ta biyo ni waje ta ce in yi haƙuri da shi. Na ce mata haƙuri ai shi ne sana'ata, tun kafin in iya gyaran gado.

Talata, da rana

Na yi gwajin jawabi a kicin, tun da Kuku ne kaɗai mai sauraron da ba zai iya gudu ba, tukunyarsa na kan wuta.

Na gyara murya. "Barkanku da zuwa. Ni ne zan..."

"Fara gaya musu su taho da bargo da guzurin kwana biyu," in ji Kuku, "tun da kunkuru ne a gaba."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ci gaba, ranka ya daɗe."

Na ci gaba. Duk abin da Yaya yake faɗa a ƙofar gida kafin a tashi yana kaina. Kada a hau da sabon takalmi, tsohon da ya san ƙafarka ya fi. Ruwa kurɓa ake yi, ba kwankwaɗa ba. Mai son hoto ya tsaya cak ya ɗauka, ba a tafiya ana kallon waya. Dutsen da ka ga ya yi baƙi yana sheƙi kada ka taka shi, ko da kuwa...

A nan Kuku ya daina dariya, ya juya ya hau yanka albasar da ya riga ya yanka.

Abu ɗaya zan gyara a aikin Yaya, shi ne tsuntsu. Yaya yana da wani tsuntsu mai jan wuya. Ana cikin tafiya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Shhh. Kowa ya samu wuri ya zauna a hankali, a nan yake sauka." Sai ka ga manyan mutane sun zube a kan duwatsu suna leƙen reshe, ba mai ko tari. Can sai ya ce, "Kash, ya tashi. Mu je." Yau a gindin wannan bishiyar, gobe a waccan kwanar, wata rana sau biyu, wata rana ko ɗaya babu. Ni shekara da shekaru ina bin bayansa, idona kuma ko allura ba ta wuce shi, amma ban taɓa ganin ko gashin tsuntsun nan ba. Ba zan nuna wa baƙo abin da ban gani ba. Lokacin da ake ɓatawa a kansa gara a ƙara shi a bakin ruwa.

Laraba, da la'asar

Na hau ni kaɗai in duba hanya. Ciyawa ta rufe wasu wurare, na sare da adda. Ina tafe ina yi wa iska jawabi, ina nuna mata kogon jemagu da dutsen nan mai kama da kujera. Daɗi kamar in yi tsalle. Ashe daga gaba hanyar daban take! Ni ta bayan mutane na san ta. Na fi sanin dunduniyar baƙi a kan sararin sama.

Sun kafa ƙarfen dafawa a wurin da abin ya faru. Sabo, da koren fenti, har yanzu yana wari. Na wuce ban taɓa shi ba.

Ruwan yana nan yadda yake, yana ta zubowa, ba abin da ya dame shi.

Alhamis, da safe

Na wanke igiyar usur. Na busa sau ɗaya a bayan gida, kaji suka watse, labulen ɗakin Yaya ya motsa.

Juma'a, da yamma

Sun iso! Wani mutum ne mai jiki da fara'a, da matarsa, da 'ya'yansu mata biyu da suka tasa. Tun a mota 'yan matan suke tsokanarsa wai ba zai kai sama ba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ku tambayi uwarku, ni fa na buga ƙwallo a zamanina." Matar ta ce, "A zamaninka ɗin." Na sa masa suna Baban 'Yan Mata a raina.

Ya kira ni "malam jagora." Malam jagora! Na kai musu jaka ɗaki ina maimaita kalmar a ƙasan maƙoshi. Na duba takalmansu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Yaya yake yi, duk tsofaffi ne, madalla.

Na goge rigata da kaina. Kuku ya ce in ajiye sauran gawayin in goge fuskata, wai murmushi ya yamutsa ta.

Asabar, da la'asar

Ba mu kai ba.

Mun tashi lafiya. Na yi jawabi ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na shiga gaba, ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa, 'yan matan suna biye da ni suna ta tambaya, ni kuma ina ta zuba amsa. Kogon jemagu na nuna musu muna tafe. Dutsen kujera ma muna tafe. Raina yana can bakin ruwa, ina so in ga fuskokinsu in sun gan shi.

Sai na ji daga can ƙasa, "Malam jagora... don Allah..."

Na waiga. Ya yi nisa a baya, ya dafa gwiwa da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. 'Yan matan suka fashe da dariya, "Baba ɗan ƙwallo!" Da suka ga fuskarsa sai dariyar ta mutu. Ya zauna a kan dutse ya ciro waya, ya ce wai akwai kiran da ya tuna dole ya yi, mu wuce zai same mu. Wurin nan kuwa waya ba ta ɗaukar kira ko kaɗan. Shi ma ya sani, ni ma na sani.

Ni kuwa ba na barin kowa shi kaɗai a kan dutsen nan. Ba yanzu ba, ko da wuƙa a wuyana. Na ce mu jira shi. Ya ce a'a. Na ce to mu sauka gaba ɗaya. Haka muka gangaro, ƙaramar tana harbin tsakuwa da ƙafa.

Lahadi, da hantsi

Sun tafi da sassafe, ko shayi ba su sha ba. Bai kalle ni ba da na sa masa jaka a mota.

Goggo ta ce, "Me ka yi wa mutumin nan?"

Na ce, "Wallahi ban yi masa komai ba, Goggo."

Ta ce, "To ka je ka yi tunanin abin da ya kamata ka yi masa."

Litinin, da rana

Ina shanya zannuwan gado Anti ta zo ɗiban ruwa, ta ce in ba ta labarin jagorancina. Na ba ta, har da yadda na cire tsuntsu daga aiki. Ta ajiye bokiti ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Kai Kunkuru, ido ne da kai amma ba ka gani. Lokacin da nake da tsohon ciki, in yayanka zai raka ni awo, ka san sau nawa yake tsayawa a hanya? Sai ya ce, zo ki ga tururuwan nan yadda suke jan ƙwayar hatsi. Ko ya ce, tsaya mu karanta allon shagon can, kamar an canja shi. Ni da nake haki kamar zan faɗi, ko sau ɗaya ban taɓa buɗe baki na ce na gaji ba. Sai da na haihu na gane tururuwa ba su dame shi ba."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa yana bin gwiwar hannuna.

Duk shekarun nan in Yaya ya waigo na ɗauka ni yake dubawa, ko ina nan da ruwa. Ashe wanda ke gabana yake kallo. Shi ya sa tsuntsun ba shi da bishiya! Inda na ƙarshe ya fara jan ƙafa, nan yake sauka. Ranar da samari zalla muka hau da su ko inuwarsa ba ma gani.

Na ce, "Anti, ashe tsuntsun nan..."

Ta ce, "Rufa masa asiri, kai ma ka ci abinci da shi."

Ina ma Baban 'Yan Mata zai dawo. Da na saukar masa da tsuntsaye garke guda.

Talata, da yamma

Kawu ya bugo daga birni. Yana neman mai tsaya masa a shagon taya, kuma Yaya ya ce ya yarda. Motar Kawu za ta zo ɗaukar su Lahadi ta sama, shi da Anti da yarinya.

Goggo ce ta gaya min, tana goge makullan ɗakuna da ba su yi datti ba. Ta ce, "Likita ya ce ƙafar ta warke, tafiya ma take nema. Ba ƙafa ba ce." Ta ɗauki wani makulli. "Ni na raine ku, ban taɓa raba ku ba. Amma ba zan ɗaure babban mutum da igiya ba. In ya tafi, usur naka ne."

Zan faɗi gaskiya tun da ba mai karantawa. Da ta ce "naka ne," wani abu ya yi tsalle a ƙirjina. Bayan nan Kuku ya zuba min abinci na kasa ci.

Yaya a shagon taya! Mutumin da in ya kalli gajimare ya san ko za a jiƙe kafin azahar.

Alhamis, da la'asar

Mun kai! Mun kai har bakin ruwa!

Wani dattijo ne da matarsa da jikansu. Na shiga gaba amma rabin idona na baya. Dattijuwar ce. Ba haki ta fara yi ba, shiru ta fara yi, ita da take ta hira tun daga ƙofa. Sai ta fara dafa kowace bishiya kamar gaishe ta take. Na ɗaga hannu na ce, "Shhh. Kowa ya samu wuri ya zauna a hankali, a nan yake sauka."

Suka zauna! Wallahi suka zauna! Dattijon har da cire tabarau ya goge. Ni ina kallon reshe, ina sauraron numfashinta ta gefen kunne. Da ya daidaita na ce, "Kash, ya tashi. Mu je." Jikan ya rantse ya ga jan wuyan.

A bakin ruwa ta cire takalmi ta tsoma ƙafa, ta ce wa mijinta, "Ka gani? Kai da ka ce ba zan iya ba. Ko hutawa ban yi ba."

Na juya na yi kamar ina gyara jaka don kada su ga bakina.

Alhamis, da magariba

Na tsaya a ƙofar Yaya na ba Anti labari da ƙarfi, yadda na cikin ɗaki zai ji. Da na zo wurin "ko hutawa ban yi ba" na ji wani abu daga ciki, ko tari ne ko dariya.

Can ya ce, "Ruwan ya ƙaru?"

Na ce, "Ya ƙaru, Yaya. Har ya rufe dutsen da muke ajiye jaka."

Tambaya ɗaya ce tak. Amma shi ya tambaya. Ba ni na fara ba, shi ya tambaya!

Asabar, da yamma

Samari huɗu, ba su buƙaci tsuntsu ba. Ni na kusa buƙatarsa.

Lahadi, da rana

Goggo ta sa ni share ɗakin ajiya. Takalmin baƙon da ya faɗi ranar nan yana nan a bayan buhun sabulu, ƙafa ɗaya, ruwan ɗorawa, igiyarsa a ɗaure yadda mai shi ya ɗaure ta da safen nan. Ni na tsince shi washegari. Tuni ta ce in yar, na ce to, ban yar ba. Na kaɗe masa ƙura na mayar.

Litinin, da hantsi

An bugo wa Goggo waya, tana dubawa ta miƙe tsaye. Ta ce, "E, shi ne... e, yana nan," ta nufi ɗakin Yaya da wayar a kunne, ta tura Anti waje ta rufe ƙofa. Ni da Anti da Kuku muka tsaya a bakin kicin kamar an dasa mu. Man da ke kan wuta ya ƙone, ba wanda ya motsa.

Sun daɗe.

Da ta fito tana share ido da bakin mayafi, ta kalle ni ta ce, "Takalmin nan da na ce ka yar."

Na ce, "Na'am, Goggo."

"Na san ba ka yar ba. Wanke shi, za a aika musu. Wai mai shi yana so ya haɗa shi da ɗaya ƙafar, an ce ya fara takawa."

Kuku ya zauna a kan buhun gawayi ya rufe fuska da tsumman hannu. Ni kuma na ruga na wanke takalmi, na wanke, na sake wankewa, ina waƙa kamar mahaukaci.

Da rana Yaya ya cinye abincinsa tas, har ya aiko a ƙaro.

Laraba, da yamma

Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Yau na ga Anti tana ɗaure tukwane a kwali.

Ta ce, "Ya ce mutumin ya yafe, amma dutsen bai yafe ba."

Na ce, "Dutse yana magana ne?"

Ta ce, "Je ka tambaye shi."

Alhamis, da safe

Goggo ta karɓi baƙi mafi yawa tun da aka buɗe hanya: ma'aikatan jinya na wani asibiti, mota guda cike, za su hau ranar Asabar. Duk ɗakuna sun kama, har da na ƙarshe mai famfon da ke kuka. Goggo tana ta kai da komo tana ba da umarni, Kuku yana faɗa da mai kawo ƙwai, gida ya dawo gida!

Amma taro irin wannan ba ya hawa da mutum ɗaya. Dole a samu wani a baya. Na ce wa Kuku, ya ce shi ko kan kujera ya hau jiri yake ji.

Tun ɗazu wata dabara take min yawo a ka.

Alhamis, da la'asar

Na same shi a zaune a bakin gado yana duba tsofaffin riguna. Ya rame, amma ya yi aski.

Na ce, "Yaya, aiki na zo ba ka."

Ya ce, "Na bar jagora."

"Wa ya ce jagora? Jagora akwai, ga shi a gabanka. Mai ɗaukar ruwa nake nema. Aikin ba wuya, ka bi baya, ka tsince hula, kada ka yi magana sai an tambaye ka. In ka yi ƙoƙari wata rana a ƙara maka girma."

Ya ɗago ya kalle ni. Rabon da ya kalle ni cikin ido tun ranar nan.

"Ni zan ɗaukar maka ruwa? Kai Kunkuru? Ni da na goya ka a hanyar nan kana majina?"

"To ai shi ya sa, ka san hanya. Ba sai na koya maka ba."

Ya sunkuya ya ɗauki silifa, na yi waje, ta same ni a kafaɗa. Na ji Anti tana cewa, "Ka dai ji kunya, da ƙanin bayanka." Na leƙo na ce, "Asabar da sassafe, kuma kada a zo min da sabon takalmi!" Ɗaya silifar ta biyo.

Rabon da a jefe ni da silifa in ji daɗi haka, na manta.

Juma'a, da yamma

Sun iso da hayaniya kamar kasuwa ta tashi. Shugabarsu suna ce mata Sista Babba, muryarta kaɗai ta ishi usur.

Na cika jakar ruwa na jingine ta a ƙofar Yaya. Ban ƙwanƙwasa ba.

Asabar, da la'asar

Dole in rubuta tun da zafinsa.

Na gama jawabi a ƙofar gida, na duba bayan kicin, ba kowa. Na sake duba takalman mutane, har wanda na riga na duba. Sista Babba ta ce, "Ɗan'uwa, auren takalman za ka yi ne? Mu je mana." Na sa usur a baki ke nan sai ga shi ya fito da jakar a baya, da tsohon takalminsa. Bai kalli kowa ba, ya je ƙarshen layi ya tsaya. Goggo tana bakin tebur ta ɗauki makulli ta hau gogewa.

Muka kama hanya. Matan nan ƙarfi ne da su, sun saba tsayuwa, suna ta waƙa suna tsokanar juna. Ni dai rabin idona na baya. Yaya yana ɗan ɗingishi amma yana zuwa. Ya tsinci hular wata, ya miƙa mata. A kogon jemagu na ga bakinsa yana motsi tare da nawa.

Sai muka zo kwanar da in ka sha ta za ka hango koren ƙarfen.

Na waiga. Ya tsaya. Ba haki yake ba. Ya kama reshe da hannu ɗaya, idonsa na kan ƙarfen, zufa tana zubo masa kamar an watsa masa ruwa. Ta ƙarshe a layin ta fara juyowa za ta ga abin da ya tsayar da shi.

Na ɗaga hannu.

"Shhh. Kowa ya samu wuri ya zauna a hankali. Akwai wani tsuntsu mai jan wuya, a nan yake sauka."

Suka zauna suna ƙus-ƙus. Na nuna musu wani reshe can sama, ta ɓangaren da ba Yaya. Sannan na gangara wurinsa kamar ƙishirwa ce ta kawo ni. Ya zame ya zauna a kan saiwa. Na kwance gora daga jakar na sha, na miƙa masa. Hannunsa ya kasa riƙewa, na riƙe masa.

Wata ƙarama ta ce, "Ni fa ban ga komai ba."

Sista Babba ta kalli Yaya, ta kalle ni, irin kallon masu aikin asibiti. Ta juya ta ce wa yarinyar, "To rufe baki mana. Tsuntsu allura ce da za a yi miki a tashi? Jira ake."

Muka jira. Ban taɓa jin dutsen nan ya yi shiru haka ba, sai ƙarar ruwan daga nesa.

Can Yaya ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Bai tashi ba?"

Na ce, "Bai tashi ba, Yaya. Naka ne. Sai ka ce ya tashi."

Ya share fuska da hula. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya gyara jakar a bayansa, ya buɗe murya, muryar nan tasa da ake ji daga ƙasan dutse:

"Kash, ya tashi. Mu je."

Suka miƙe suna kaɗe riguna. Na koma gaba. Da muka zo wurin na ce kowa ya dafa ƙarfe, a bi ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a ɗaya bakin ina karɓar hannunsu har ta ƙarshe. Shi ya rage. Ban miƙa masa hannu ba, na san ba zai so ba. Ya dafa ƙarfen, ya girgiza shi da ƙarfi, ya ce, "Ba laifi, sun yi aiki." Ya tako.

A bakin ruwa matan suka yi ta ihu suna watsa wa juna ruwa. Ya ajiye jaka ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Saurin magana kake a kogon jemagu."

Na ce, "Mai ɗaukar ruwa ba ya gyara wa jagora."

Ya kai min dundu. Ban kauce ba.

Lahadi, da rana

Motar Kawu ta zo. Direban ya ci abinci, Yaya ya fita suka yi magana a gindin mota, ya buga wa Kawu waya ya daɗe yana ba da haƙuri. Motar ta koma da gaisuwa da takalmi ƙafa ɗaya a cikin leda, za a miƙa wa masu shi a birni. Anti tana kwance tukwane daga kwali tana mita wai an sa ta aikin banza, bakinta kuwa har kunne.

Na cire usur na kai masa. Raina bai so ba, amma na kai. Ya juya shi a hannu ya ce, "Wa ya wanke igiyar?" Na ce ni. Ya rataya min shi a wuya ya ce in riƙe tukuna, wai ƙafarsa ta fi son baya a yanzu, in ta gaji da baya za mu yi shari'a a gaban Goggo. Goggo ta ce kada wanda ya kawo mata ƙara, ita baƙi take jira. Kuku tuni ya fara kiransa Kunkuru Babba.

Ɗazu Kuku ya ja ni gefe, ya duba hagu da dama, ya ce, "Tsakaninka da Allah, tsuntsun nan akwai shi?"

Na ce ya nemi tsohon takalmi ya biyo mu. Da irin tumbinsa, tun kafin kogon jemagu zai gan shi.